Waliyyin Rundawa

Luba ta dire kwanon a gaban Ruƙayyatu, murfinsa a rufe kamar yadda aka kai shi, ko hucewa bai gama yi ba.

"Baba yac ce a yi godiya ƙwarai. Yac ce Allah shi saka da alheri. Amma ba shi iya sha."

"Ba shi iya sha?" in ji Ruƙayyatu. "Ko yaji ya yi yawa? Ai don shi nir rage."

"Ba yaji ba, Inna." Luba ta sunkuyar da kai, amma ba ta rage murya ba. "Tambayata yay yi ko naman na mayankar Alhaji Malami ne. Ni ko ban iya yi mai ƙarya."

Malam Mubashshir, mijin Ruƙayyatu, yana zaune a kan buzu a inuwar rumbu yana yanke farce da aska, kuma duk ya ji. Ya ajiye askar a hankali. Ji ya yi kamar an watsa masa ruwan wanke-wanke a fuska. Romon hanta ne da ƙashi, shi da bakinsa ya ce a dafa a kai wa maƙwabcin nasa Kassimu, mahaifin Luba, don likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, in ba ya samun nama da wuya ya tashi. Hantar kuwa daga kason da ake ba Malam ce kowace safiya. Shekara shida ke nan shi ke yi wa Alhaji Malami yanka a mayankar da ya kafa a bayan gidansa, can gefen gari. A kayar da sa, a fuskantar da shi gabas, Malam ya yi bisimilla ya ja wuƙa, ya wanke hannu, ya dawo gida da ƙunshinsa. Wato saƙon da aka aiko masa shi ne: abin da kake ciyar da iyalinka, ni ko a bakin kabari ba na sa shi a bakina.

Kuma wa ya aiko? Mahauci. Mahauci ɗan mahauci, wanda in ya ja Fatiha sai ka ji kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Shi kuwa Mubashshir, kakansa ne ya karantar da rabin malaman wannan yanki, tun daga Sabon Birni har Isa, littattafansa na nan cikin gafaka a ɗaki, wasu ma da rubutun hannunsa. Yau ga wanda ya tashi cikin tumbi da ƙudaje yana koya masa halal da haram.

Ya zura takalmi ya fita, ko hula bai gyara ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Zauren Kassimu ya zube ta gefe guda tun daminar bara, an tokare shi da itace. A tsakar gida tsohuwar tukubarsa na nan ta tsattsage, kaji sun mayar da ita wurin kwana, ƙugiyoyin rataye nama sun yi tsatsa a jikin bango. Kassimu kuma yana kwance a kan tabarma a gindin dogon yaro, an tokara masa baya da filo. Mutumin da a da yake kayar da bijimi shi kaɗai, yanzu ƙafafunsa sun kumbura, sauran jikin kuwa ƙashi ne da fata. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"Malam, kai da kanka? Luba, kawo ma Malam buzu."

"Ba zama ya kawo ni ba," in ji Malam, amma ya zauna. "Kassimu, kai wa ya karantar da kai? Faɗa min sunan malaminka in je in ɗauki karatu."

Kassimu ya yi murmushi. "Ka san ban da malami in ba kai ba."

"To ji in gaya ma. Shari'a ba ta ɗora ma bincike ba. Abin da ka iske a kasuwar Musulmi, Musulmi ya yanka da sunan Allah, halal ne. Wannan ke nan. Na biyu, kai mai lalura ne. Mai lalura ko mushe an halatta mai don shi tsira da rai. Ko ka fi shari'a tsoron Allah?"

"A'a, Malam. Kai ad da sani, na yarda." Ya tsaya ya ja numfashi. "Amma shi mushe ba shi da mai shi da ka kuka a wani gari."

Malam ya kau da kai ya yi tsaki. Ya san inda za a je. Labarin tsohon nan na Gangara ne, wanda ya ji har kunnensa ya gaji.

Shekara bakwai da suka wuce, lokacin da shanu suka fara shigowa daga daji da arahar da kowa ya san dalilinta, Kassimu na da tebur mafi girma a layin mahauta ranar kasuwar Isa. Wata rana ya yanka wani jan bijimi, ya kafa kan a gaban tebur kamar yadda aka saba. Can da hantsi wani tsoho ya zo ya tsaya. Bai taya nama ba, bai yi sallama ba. Ya daɗe yana kallon kan, sannan ya ɗora tafin hannunsa a goshinsa ya ce, "Ɗan Ja, nan kaƙ ƙare?" Sansa ne na huɗa. Kwana goma kafin nan 'yan bindiga suka iske ɗansa a gona yana riƙe da garma, suka harbe shi, suka kwance shanun biyu suka kora. Tsohon bai yi ihu ba, bai kira hukuma ba, bai ce wa Kassimu ɓarawo ba. Abu ɗaya ya roƙa: a ba shi igiyar da ke hancin san, don yaron ne ya tufka ta da hannunsa. Kassimu ya zare ya ba shi. Tsohon ya naɗe ta a hannu ya shige cikin kasuwa. Shi kuma Kassimu ya goge wuƙarsa, ya bar naman nan duka a kan tebur, ya kama hanyar gida.

Tun daga ranar ba ya yanka dabbar da bai san mai ita ba. A kan ɗan akuya guda sai ya taka har Tsamaye ya ga gidan da aka haife shi, ya tambayi maƙwabta. Wa zai yi kasuwanci haka? Wasu na yanka shanu uku a rana suna sayarwa da araha, shi yana zaune da cinyar akuya tana bushewa a rana. Tebur ya koma faifai, faifai ya koma babu. Abokan sana'arsa suka sa masa suna Waliyyin Rundawa, wato waliyyin mahauta, in ya wuce su ce a ba waliyyi hanya kar inuwar haram ta taɓa shi. Ɗansa Muzammilu ya gaji da tuwo ba miya, ya koma wurin Alhaji Malami, ga shi yanzu da sabon babur da ɗaki mai siminti. Luba ce kaɗai ta rage, ita ma don mijinta ya rasu ne ta dawo gida, tana soya ƙosai tana ciyar da su.

A wurin Malam duk wannan ba tsoron Allah ba ne. Taurin kai ne aka sa wa rawani. Jahili in ya kama abu ɗaya sai ya ɗauka shi ne addinin duka.

"Kana kashe kanka a banza," ya ce. "Kuma kana son a ce kai kaɗai ne mai tsarki a Gobir. Wannan shi ake kira riya, in ba ka sani ba."

"Wa ka kallona, Malam, balle in yi don a gani?" Kassimu ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Luba ta zo ta tallafe shi ta ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ni ban yi karatu ba. Kai Allah ya ba ka littafi, da shi kaka bauta mai. Ni wuƙa yab ba ni da tebur. Na yi ta tunani, in ya tashi tambayata, ina za shi tambaye ni? Nan ne. Ban da wani wurin da za ni gamu da shi in ba nan ba."

"Wa'azi kake min?"

"Wane ni." Ya lumshe ido. "Roƙo dai nika yi. In ta zo, kai za ka yi min wanka, kai za ka sallace ni."

Malam ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ikon Allah. Naman hannuna ba ka ci, amma sallata kana so."

"Kai ne maƙwabcina. Kuma ni ban taɓa cewa komi a kanka ba, Malam. Cikina kawai nika tsaro."

Wannan ta fi komai ƙona masa rai. Da ma zaginsa ya yi, da ya san abin da zai mayar. Ya fita ba sallama, ya shiga gida ya ce wa Ruƙayyatu ta zuba masa romon nan. Ya shanye tas, har ya tsotse ƙashin.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Malam na dawowa daga mayanka da ƙunshin nama a hannu, ya ji salatin Luba ta kan katanga. Ya tsaya a ƙofar gidansa. Ya miƙa wa Ruƙayyatu ƙunshin, ya ce ta kai ciki, ya wanke hannunsa sau biyu, sannan ya zaga.

Shi ya yi wankan, Muzammilu na zuba ruwa yana shessheƙa. Da suka zo juya gawar sai Malam ya sa ƙarfi kamar yadda ya saba, ya ji ta taho masa kamar damin kara. Bai taɓa wanke namiji mara nauyi haka ba. Ya ce a ransa, ga inda taurin kai ke kai mutum. Ya maimaita wannan a ransa har sau uku kafin su gama naɗe likkafani.

Kafin azahar an kai shi. Mutane sun taru fiye da yadda ya zata, kuma ya raina su ɗaya bayan ɗaya. Ga mahautan da suka yi shekara bakwai suna yi masa dariya, yau suna girgiza kai suna cewa an yi rashin mutumin kirki. Ga wasu 'yan gudun hijira na Gatawa da ke zaune a kangayen bayan makaranta, masu yagaggun riguna, waɗanda ko sanin marigayin ba su yi ba, labarinsa kawai suka ji suka biyo gawa. Ga Alhaji Malami a sahun gaba, ƙamshin turarensa ya cika wurin, yana share ido da gefen babbar riga. Malam ya yi kabbara huɗu da muryarsa mai daɗi, ya sallame, aka rufe.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan tun da safe. Malam na zaune a tsakiya, shi zai ja addu'a. Ana cikin gaisawa sai ga Muzammilu ya ɓullo ta kan kwana yana jaye da wani farin sa, ƙato, Alhaji Malami na biye da shi yana taku ɗaya-ɗaya. Mutane suka fara gyara zama. An daɗe ba a ga sadaka irin wannan a unguwar ba. Aka ɗaure san a turken da ke gaban zaure.

"Tawa gudummawar ke nan," in ji Alhaji, da ƙarfi don kowa ya ji. "Kassimu ɗan'uwanmu ne na sana'a. Duk abin da ya wuce ya wuce. Malam, in an shafa sai ka taimaka muna da wuƙa."

"Ba a yanka shi nan."

Daga cikin zaure muryar ta fito. Luba ce, tana tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi.

"Koma ciki," in ji Muzammilu. "Ke ba ki jin kunya? Cikin maza?"

"Kunya? Kai ka san ta? Yana raye ba ka kawo mai ko ƙwai ba, don ka san abin hannunka ba shi ci. Yanzu da ba shi da bakin cewa a'a za ka ɗura mai?"

"Ubana ne! Ba ni barin a ce an yi sadakar ubana da gumba awa wani bare!"

"Da gumbar za a yi. Geron gonarmu ne, ni nid daka."

Wani dattijo ya ce ai ga Malam nan, shi zai raba wannan. Duk aka juyo gare shi. Malam Mubashshir ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Wannan filinsa ne, kuma ya ji daɗin samun damar rufe bakin gidan nan sau ɗaya tak a gaban jama'a. Ya fara bayani a tsanake, cewa ba a gina hukunci a kan zato, cewa abin da mutum bai sani ba ba a kama shi da shi, cewa munana zato ga Musulmi shi kansa laifi ne. Yana magana idonsa ya sauka a wuyan san. Akwai wurin da gashi ya goge, fatar ta yi kanta baƙi ƙirin, daidai inda karkiyar huɗa ke zama. Ya sha ganin irin wannan tabo, kusan kowane mako, daidai inda yake ɗora hannun hagu kafin ya ja wuƙa. Ya ɗauke idonsa ya ci gaba.

"To tambaye shi," in ji Luba.

"Me kika ce?"

"Kac ce abin da ba a sani ba. To ga shi nan gabanka, tambaye shi a sani. In ya faɗi sunan gari da sunan mai shi, ni da hannuna za ni hura wuta."

Malam ya yi murmushin da yake yi wa ɗalibi mai gardama. Abu mai sauƙi. Alhaji zai ce ya saya a kara, kasuwar shanu, ko ya ambaci wani ƙauye mai nisa, shi ke nan a wuce wurin. Ya juya.

"Alhaji, don dai a kwantar mata da hankali. Daga ina san nan?"

Alhaji Malami ya dubi Malam tun daga rawani har yatsun ƙafa, yadda yake duban dabba a kasuwa kafin ya taya. Sannan ya tako, ya tsuguna a gabansa kamar mai neman albarka, ya rage murya, amma ba sosai ba, don na kusa duk sun ji.

"Haba Malam. Ni da kai? Shekara shida kana ja min wuƙa, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba. Ai don haka nika son ka." Ya yi murmushi, haƙorinsa na zinariya ya bayyana. "Malamai sun cika garin ga. Kana tsammani don karatunka niɗ ɗauke ka?"

Malam ya buɗe baki. Duk amsoshin da ya haddace tun yana yaro suna nan, babi-babi, amma ko ɗaya bai zo ba. Ko ƙarya ma Alhaji bai ga Malam ya kai a yi masa ba. Wani daga cikin mahautan ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Dattijon da ya ce a tambayi Malam ya shiga jan carbinsa da sauri.

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Tunda 'yar gida ba ta so, ba a dole ga alheri. Muzammilu, kwance shi." Ya ɗaga hannu ga jama'a. "Allah shi jiƙan Kassimu." Har ya yi taku biyu ya waiwayo. "Malam, gobe muna da uku. Kar ka makara."

Muzammilu ya tsaya yana duban zauren, yana duban maigidansa. Sannan ya kwance igiyar ya bi bayansa, san na jan ƙafa. Mahautan ma suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa.

Waɗanda suka rage ba su fi ashirin ba, yawancinsu mutanen Gatawan nan ne. Malam ya ɗaga hannu ya ja addu'a. Ya gajarta ta, kuma a wuri biyu muryarsa ta sarƙe sai da ya sake. Aka shafa. Aka fito da gumba a ƙwarya, aka bi kowa da dunƙule guda. Mutane suka ci, suka yi wa Luba gaisuwa ta bakin zaure, suka watse. Masu tabarmi suka naɗe abinsu.

Malam bai tashi ba. Ƙofar gidansa taku goma ce daga inda yake, yana jiyo Ruƙayyatu tana daka, amma ya zauna a kan buzunsa, gumbar na hannunsa bai kai baki ba. Rana ta ɗago, inuwar katanga ta janye ta bar shi.

Can Luba ta fito da tsintsiya da ɗan kasko. Ba ta dube shi ba. Ta kwashe kashin da san ya yi a gindin turke, ta kai bola, ta dawo ta sunkuya ta fara shara daga bakin zaure, tana share sawun kofato ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na komawa sumul a bayanta. Ta yi ta matsowa har tsintsiyar ta iso gefen buzun, ta tsaya, tana sunkuye.

Malam Mubashshir ya janye ƙafafunsa, ta share wurin ta wuce.